Hayar Sito ta Shekara 10 da Rasit Kaɗai: A Dakata da Gyara Tukuna

Tambaya: Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa ya samu tsohon sito, yana so ya mayar da shi wurin ajiya da sayar da kaya a sari. Rufin yana yoyo, daɓen ya farfashe, wayoyin wuta duk sun lalace. Mai ginin ya ce masa ya gyara da kuɗinsa, shi kuma zai bar masa wurin shekara 10 a kan haya mai rahusa, duk ranar da ya tashi sayarwa kuma shi zai fara yi wa tayi. Ya riga ya biya kuɗin shekara 2, an ba shi rasit a gaban shaidu biyu, magina suna jiran ya ce su fara. Yana tambaya ko rasit ɗin da shaidun sun wadatar.

Amsa: Malam, ba su wadatar ba, kuma ina roƙonka ka dakatar da maginan nan har sai ka gama abin da zan zayyana maka. Rasit ɗin da ke hannunka abu ɗaya yake tabbatarwa: ka biya kuɗin shekara 2, an karɓa. Bai ce uffan a kan sauran shekara 8 ba, bai ambaci kuɗin gyara ba, balle maganar sayarwa. Shaidu kuwa mutane ne. Suna ƙaura, suna mantuwa, suna rasuwa, wani lokaci ma kowannensu ya tuna maganar daban alhali babu wanda ya yi niyyar ƙarya.

Ba ka faɗi inda ginin yake ba, kuma a sha'anin fili da gini dokar wurin da suke ita ke hukunci, ba ta inda masu cinikin suka fito ba. Don haka zan tsaya a kan ƙa'idojin da kusan ko'ina ake bi, in kawo maka misalai daga tsare-tsare daban-daban.

Ka fara da gane abin da kuɗin gyaran nan yake saya maka. Tsohuwar ƙa'ida ce tun daga dokar Rumawa cewa duk abin da aka kafa a jikin ƙasa ya bi ƙasar, wato ya zama na mai ita. Ranar da kafinta ya buga ƙusa ta ƙarshe a sabon rufin, rufin ya zama na mai ginin. Haka daɓe, haka wayoyin da aka binne a bango. Abin da doka ta saba bar wa ɗan haya ya kwashe shi ne kayan sana'arsa da za su ciru ba tare da an yi wa ginin illa ba, irin su kantoci da injina da janareta, su ma da sharaɗin ya cire su kafin wa'adinsa ya cika, ya kuma gyara duk inda cirewar ta ɓata. Ka ga ke nan ba gini kake saye ba, lokaci kake saye. Haya ce ka biya tun gaba a siffar kwano da siminti, kuma ba za ka fanshe ta ba sai ka zauna shekarun nan 10 cur. In aka fitar da kai bayan shekara 3, kuɗin shekara 7 sun bi ruwa. Dukiyarka a cinikin nan ita ce wa'adin, kuma abu uku kake bukatar tabbatarwa game da shi: wanda ya ba ka yana da ikon bayarwa, an ba ka shi ta hanyar da kotu za ta amince da ita, kuma zai ɗaure duk wanda ginin ya faɗa hannunsa gobe.

Na farkon shi 'yan haya suka fi rainawa. Mai sayen fili yakan je ya yi bincike, ɗan haya kuwa sai ya ce ai ni ba saye nake yi ba. A hayar wata-wata wannan uzuri yana da ɗan kan gado. A hayar shekara 10 da za ka zuba jari, binciken da mai saye zai yi shi za ka yi, babu ragi. Mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. In shi kansa mutumin nan haya yake yi daga hannun wani, kuma saura masa shekara 6, ba zai iya ba ka 10 ba komai kyan niyyarsa, in kuma aka ƙwace tasa saboda ya saɓa sharaɗi, taka ma ta shiga haɗari.

Ka nemi ganin takardar mallakarsa, sannan lauyanka ya je ofishin rajistar filaye ya gwada ta da abin da ke cikin kundi. A nan akwai bambancin da ya kamata ka sani, don rajista iri biyu ce a duniya. Akwai tsarin da Robert Torrens ya kafa a Kudancin Ostireliya a 1858, wanda ƙasashe da dama suka kwaikwaya. A wannan tsari kundin shi ne mallakar: wanda sunansa ke ciki shi ne mai wuri, hukuma ce ta tsaya masa. Akwai kuma wuraren da takardu kawai ake yi wa rajista. Can kundin yana gaya maka cewa an kawo takarda kaza ranar kaza, amma bai lamunce maka ingancinta ba. A irin wannan wuri dole a bi silsilar mallakar baya-baya, daga wannan hannu zuwa wancan, a tabbatar babu inda ta yanke.

Wasu ƙasashen kuma sun ƙara wani mataki. A Najeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, kuma sashe na 22 ya hana shi sayar da wannan haƙƙi, ko jinginar da shi, ko ba da shi haya ga wani, sai da amincewar gwamna. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka ƙulla ba tare da wannan amincewa ba, banki guda ya rasa ikon sayar da kadarar da ya ba da bashi a kanta. A 1990 kuma, a shari'ar Ogunleye da Oni, kotun ta ce takardar shaidar mallaka ba ta gyara tushen da ya ruɓe: in wanda aka ba takardar ba shi da haƙƙi tun asali, takardar ba za ta ƙaga masa shi ba. In kai baƙo ne a ƙasar da ginin yake, ka duba iyakar da aka gindaya wa baƙi. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya tsayar musu da haya a shekara 50, na Kenya na 2010 a shekara 99.

Bayan takarda sai mutum. Wa ke magana da kai? In ginin gado ne da ba a raba ba, babban wa ba shi da ikon ɗaure ƙannensa shekara 10 don kawai shi ke karɓar haya. Ko dai duk magada su sa hannu, ko wanda kotu ta naɗa ya kula da dukiyar. In na kamfani ne, a duba rajistar kamfanin a ga waɗanda ke da ikon sa masa hannu. In wakili ne, a ga takardar wakilcin, a karanta ta, domin wakilcin karɓar haya daban, na ba da haya mai tsawo daban. Dillali kuwa aikinsa haɗa ku ne ya karɓi la'adarsa, maganarsa ba ta ɗaure mai gini.

Sai babbar tambayar da kunya ke hana mutane yi: ginin nan yana jingine a banki? In jinginar ta riga hayarka, kuma bankin bai amince da hayar ba, galibi ba ta ɗaure shi. Ranar da mai ginin ya kasa biyan bashi, bankin zai iya sayar da wurin kamar babu kai a ciki. Maganin wannan shi ne takarda daga bankin da kansa, cewa ya san da hayarka, kuma ko ya karɓe ginin zai bar ka a kan sharuɗɗanka muddin kana biya.

Ka kuma taka da ƙafarka tare da safiyo. Ka ga iyakokin, ka ga ko akwai wani a ciki ko a gefe da yake da'awar wani abu. Ga sito musamman, hanyar da manyan motoci za su shiga da filin sauke kaya sun kusa fin ginin kansa muhimmanci. Sau da yawa filin nan na gaba ba ya cikin takardar mai ginin, an dai saba amfani da shi ne. In maƙwabci ya ja katanga a kansa, sitonka ya zama ɗaki kawai.

Na san abin da za ka ce: mutumin kirki ne, ba zai ci amanata ba. Na yarda. Amma shari'ar da ta fi tsaya mini a rai a irin wannan lamari babu maci amana a cikinta. Wani ne ya gina ɗakin sanyi a ginin wani dattijo bisa alƙawarin baki na shekaru masu yawa, suka zauna lafiya, sai dattijon ya rasu. Ginin ya shiga rabon gado, bai rabu ba sai an sayar, wanda ya saya kuma yana da nasa shirin. Ɗan hayan ya zo mini da tarin rasit, kowanne na shekara ɗaya, mutum ɗaya tilo da zai gaskata maganarsa kuma yana kabari. Takardar da nake ce ka yi ba don mai ginin na yau ba ce, don waɗanda za su tsaya a matsayinsa ne: magada, banki, mai saye.

Wannan ya kawo mu ga abu na biyu, wato hanyar da aka ba ka wa'adin. Tun 1677 Ingila ta kafa dokar da ta wajabta rubutu a cinikin fili da gini, ƙasashe da yawa da suka gaji tsarin shari'arta kuma sun gaji wannan. An yi wa gajeriyar haya sassauci: wadda ba ta wuce shekara 3 ba tana iya ƙulluwa da baki. Wadda ta zarce haka sai da takarda ta musamman da aka sa wa hannu a gaban shaida, a Ingila da Wales kuma wadda ta wuce shekara 7 sai an kai ta rajista. Adadin shekarun yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma hayar shekara 10 kusan ko'ina ta haye layin. To in ba a yi ba fa? Abin da kotu ta saba yi shi ne ta dubi yadda ake biyan kuɗi. In shekara-shekara ake lissafi, sai ta ɗauke ka ɗan hayar shekara-shekara, wanda a tsarin da aka gada daga Ingila notis na wata 6 ya isa a sallame shi. Tsakanin shekara 10 da wata 6 kuwa ka ga ratar da kanka.

Wani lauyan zai ce maka akwai mafita, kuma da gaskiyarsa. Tun shari'ar Walsh da Lonsdale a 1882, wadda ta shafi hayar wata masaƙa ta shekara 7, kotuna sukan ɗauki yarjejeniyar da ba ta cika ƙa'ida ba kamar ta cika, su tilasta a aiwatar da ita. A wasu ƙasashen ma shigarka ginin da kashe kuɗinka a kansa suna zama hujjar cewa lallai an yi alƙawari. Amma wannan igiyar ceto ce, ba hanyar shiga ba. Sai ka je kotu, sai alƙali ya ga dama, sai ya zama kai ma ba ka saɓa komai ba, kuma ba lallai ta yi aiki a kan wanda ya sayi ginin bai san da kai ba. Ingila ma ta tsuke ta tun 1989, inda ta ce yarjejeniyar kanta sai a rubuce da sa hannun ɓangarorin biyu. Ba na son ka gina kasuwancinka a kan fatan cin shari'a.

In fikihu kake dubawa, can ma hanya ɗaya ta ɓulle. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta mu'amalar da aka yanka wa wa'adi. Malamai sun sharɗanta wa haya cewa amfanin ya zama sananne, wa'adin sananne, ladan ma sananne. Ka lura da na ƙarshen nan. In gyaran da za ka yi wani ɓangare ne na kuɗin haya, to "ka gyara da kuɗinka" ba sanannen lada ba ne, sai an fayyace wane gyara, na nawa. Game da mutuwa kuma, Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin haya ba ta warwarewa da rasuwar ɗayan ɓangarorin, Hanafiyya suna ganin tana warwarewa. Ko a wurin masu rinjayen ma, magada ba za su ɗauki nauyin abin da ba a tabbatar musu da shi ba.

A takardar, wa'adin ya zama mai rana: ya fara ranar kaza, ya ƙare ranar kaza. Kada ka yarda da lafazi irin "har sai na bukaci wurin" ko "har sai ka fanshe kuɗinka". Yana kama da karamci, amma tarko ne. A 1930 wani mai shaguna a Landan ya sayar wa hukumar birnin wani zirin fili a gaban shagunansa, ya karɓe shi haya a kan fam 30 a shekara har sai an bukace shi don faɗaɗa titi. Titin ba a taɓa faɗaɗa shi ba. A 1992, a shari'ar Prudential da London Residuary Body, kotun ƙolin Ingila ta lokacin ta ce hayar da ba a san ƙarshenta ba ba haya ba ce, abin da ke akwai zaman shekara-shekara ne da notis na wata 6 zai kawo ƙarshensa. Bayan shekara 60 da wani abu, kalmar "har sai" ta rushe komai.

Ka kuma tabbatar takardar ta ba ka wurin kacokan, kai kaɗai, da ikon rufe ƙofarka ko ga mai ginin sai da sanarwa. Wasu sukan rubuta "izinin amfani" don su kauce wa haƙƙoƙin ɗan haya. A shari'ar Street da Mountford a 1985 an yanke cewa abin da aka ba mutum a zahiri shi ake dubawa, ba sunan da aka raɗa wa takardar ba. Duk da haka gara a rubuta daidai tun farko.

Yanzu ga sharuɗɗan da za su kare kuɗinka, kuma a nan nake so ka fi zama da lauyanka. A jera ayyukan gyaran ɗaya bayan ɗaya a liƙa su a jikin yarjejeniyar, da kiyasin kuɗinsu, da amincewar mai ginin a rubuce. Kafin magini ya taɓa komai a ɗauki hotunan ginin lungu da saƙo, ku biyu ku sa musu hannu. Dalili shi ne, tun shari'ar Proudfoot da Hart a 1890 an fassara alƙawarin "riƙe gini cikin gyara" da cewa ya haɗa da gyara abin da ka tarar a lalace. A tsohon sito, jumla ɗaya irin wannan za ta iya ɗora maka tsagewar bangon da ta girmi hayarka. A rubuta cewa harsashi da ginshiƙai da bangon waje suna wuyan mai ginin, kai kuma ba za a nemi ka mayar da wurin fiye da yadda aka amince ba, ba kuma za a ce ka rushe gyaranka ranar tafiya ba.

Sannan sharaɗin da shi ne zuciyar lamarin: in hayar ta yanke kafin wa'adi ba da laifinka ba, a biya ka abin da ya saura na kuɗin gyara. Lissafin ba shi da wuya. A raba kuɗin gida 10, kowace shekara ka ci kashi ɗaya. In aka raba ka da wurin bayan shekara 4, kashi 6 bashi ne a kan mai ginin da duk wanda ya gaje shi. Rasit ɗin magina da na kayan aiki ka adana su, su ne hujjarka.

"Haya mai rahusa" ba adadi ba ne. A rubuta ta kowace shekara, ko a rubuta yaushe za a sake dubawa da yadda za a yi, da wanda zai raba gardama in kun kasa daidaitawa. Ga wani abu da ke wuce mutane da yawa: ranar sake duba haya, mai kiyasi zai ga sito mai sabon rufi da daɓe mai kyau ya yanka masa kuɗin da ya dace da shi, sai ka wayi gari kana biyan hayar rufin da kai ka saya. Dole a rubuta cewa ba za a sa darajar gyaranka a lissafi ba. Ka kuma kula da sharaɗin da ke cewa haya tana hawa ne kawai ba ta sauka, ko kasuwa ta faɗi. Ƙasar Ireland ta haramta shi a sababbin yarjejeniyoyi tun 2010, amma a wurare da yawa yana nan daram.

Shekara 10 ɗin nan kai ma sun ɗaure ka, wannan kada ka manta. In kasuwa ta juya baya a shekara ta 5, haya tana nan tana bin ka. Don haka ka nemi ƙofar fita: ikon ajiye hayar bayan wasu shekaru da notis, da ikon miƙa ta ga wani ko ba da wani sashe haya, bisa amincewar mai ginin wadda ba zai hana ba sai da dalili mai ƙarfi. Sana'ar da aka yarda ka yi a wurin a rubuta ta da faɗi, kuma a tabbatar hukumar tsara gari ta amince da irin wannan amfani a wannan unguwa, don amincewar mai gini ba ta maye gurbin tata.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba. Wata shari'a ta yi kama da taka sosai: kamfanin Panalpina ya karɓi sito haya na shekara 10 a birnin Hull na Ingila, sai hukuma ta rufe titi ɗaya tilo da ke kaiwa gare shi saboda wani kango da ke barazanar faɗuwa, rufewar ta kai kusan wata 20. A 1981 kotu ta ce hayar tana nan, sai su biya, ko da yake ba mota ɗaya da ta iya shiga. In kana son haya ta tsaya idan gobara ta tashi, ko ambaliya ta ci wurin, ko hanya ta toshe, sai an rubuta. A rubuta wanda zai yi wa ginin inshora da cewa kuɗinta gyara za a yi da su. A rubuta kuma rabonka a diyya in hukuma ta karɓe wurin don aikin jama'a. Haka nan in ka makara da biya, a ba ka notis da lokacin gyara kuskure kafin a yi maganar ƙwace wuri.

Ƙarshen wa'adi fa? Bayan shekara 10 abokan cinikinka sun san wurin, sunanka ya manne da shi. Dokar Ingila ta 1954 ta ba ɗan hayar kasuwanci haƙƙin sabuntawa sai in mai gini ya kawo ɗaya daga cikin dalilan da aka lissafa, kamar zai rushe ya sake gini ko zai shiga da kansa, ko da yake ana iya yarda tun farko a ajiye wannan kariya. A Faransa, tun dokar 1953 aka kafa tsarin da a yau ya sa hayar kasuwanci ba ta gaza shekara 9, ɗan haya yana iya fita duk bayan shekara 3, mai ginin da ya ƙi sabuntawa ba da dalili ba kuma sai ya biya diyyar kora. A ƙasashe da yawa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ka rubuta shi ne naka.

Saura maganar sayarwa. "Kai zan fara yi wa tayi" bai tilasta masa sayarwa ba, bai kuma tsayar da farashi ba. Abin da ya ba ka, in an rubuta, shi ne kada ya sayar wa wani sai ya fara kawo maka a kan farashin da wancan ya taya, ya ba ka kwanaki sanannu ka amsa. Wannan daban yake da zaɓin saye, inda kai ke da ikon cewa na saya a cikin wa'adi kaza, a kan farashi kaza ko bisa kiyasin masani, shi kuma dole ya sallama. Ka san wanne kake so, a rubuta shi da sunansa, sannan a kai shi rajista. A 1961 wani manomi a Ingila ya ba ɗansa zaɓin sayen gonarsa mai eka 300, a rubuce, amma ba a yi rajista ba. Da suka ɓata, a 1967 uban ya sayar wa matarsa, uwar yaron, gonar a kan fam 500, alhali darajarta ta kai kusan fam 40,000, don kawai ya kashe zaɓin. A shari'ar Midland Bank da Green a 1981 kotun ƙoli ta ce zaɓin bai ɗaure uwar ba, duk da ta san da shi sarai. Tsakanin uba da uwa da ɗa ke nan. Ta fuskar fikihu kuma, Majalisar Fikihu ta Duniya a zamanta na Riyad a 2000 ta yi bayanin cewa kada a cakuɗa haya da saye a ƙulli ɗaya a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya, don haka alƙawarin sayarwar ya zauna a takardarsa daban.

Abin da za ka yi yanzu shi ne ka koma wurin mai ginin tun kuna ɗasawa, tun yana bukatar gyaran nan kamar yadda kake bukatar wurin. Ƙarfinka a ciniki yau ya fi na kowace rana mai zuwa, don da zarar rufi ya hau ba ka da sauran abin da za ka riƙe. Ka gaya masa gaskiya, cewa rubutun kariya ce ga iyalinsa da naka. Ka ɗauki lauyanka na kanka, kada ku yi tarayya a nasa. A yi bincike, a samo amincewar banki ko ta hukuma in ana bukata, a sa hannu, a biya harajin hatimi, a kai rajista, kuma takardar ta ambaci shekara 2 ɗin da ka riga ka biya. Bayan nan magina su fara.

In ya ce shi ba ya son harkar takarda, to ka ɗauka shekara 2 kake da su, ba 10 ba. Ko dai ka nemi a mayar maka da kuɗinka, ko ka taƙaita gyaran ga abin da cinikin shekara 2 zai iya biya: a toshe yoyo maimakon sabon rufi, a ja waya a saman bango maimakon binnewa, a sa kantoci da katakon shimfiɗa da za ka iya lodawa a mota ranar da aka ce ka tashi.